Goron Da Goggo Ige Ta Mayar

Na sa a rubuta wannan babi ne saboda wata magana da na ji a zaurena, ba a waje ba. Kwanakin baya wani ƙato mai gemu, mai mata da 'ya'ya, ya ɗauki jikata Saudatu da waya lokacin da santsi ya kwashe ta ta faɗa kwata da kayan makaranta. Ya ɗora waƙa a kai, ya watsa wa duniya. Yarinyar ta daina fita. Kuka taru kuna shawara, ku iyayenta, sai na ji ɗayanku ya ce a bar shi da Allah, kada mu zama Goggo Ige. Saura suka yi dariya. Ban ce kome ba a lokacin, don kun san magana ba ta zo mini da sauri. Amma ba ku san Goggo Ige ba. Abin da kuka sani shi ne abin da dangi ke faɗa, wai masifaffiya ce, wai ita ta kashe majemar ubana ta raba mu da gadonmu. Rabin maganar gaskiya ne. Ga ɗaya rabin.

Ubana majemi ne, ubansa ma haka. Fatar jar akuya muke jemewa, irin wadda ake fita da ita har ƙasar Turai. Na tashi hannuna cikin ruwan toka da bagaruwa, duk inda na nufa warin majema ya riga ni sallama. Wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ya dame ni bakina ne. Da i'ina na tashi, mai tsanani. Kalma takan tsaya mini a maƙogwaro, jijiyar wuya ta miƙe, ido ya kafe, ƙafa ta yi ta dukan ƙasa, ita kuwa ta ƙi fita. A gida kowa ya saba ƙarasa mini magana. In na fara kiran ruwa, kafin in kai ƙarshe uwata ta miƙo moɗa. Da alheri suke yi, na sani. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ƙarasa mini ba, ita ce Goggo Ige, yayar ubana. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa rayayye, ta dawo gida tana toya waina a bakin tashar mota. Doguwa ce, baƙa, muryarta ta fi ta maza da yawa kauri. In na maƙale a gabanta sai ta ci gaba da juya wainarta kamar ba ta ji ba.

“Ba ni sauri,” in ji ta. “Maganakka ta, kai ka hidda ta.”

Shekarar da abin ya faru ina da kamar sha biyar. Soja ke mulki, arzikin man fetur ya shigo Sakkwato kamar ambaliya. Wanda jiya ke kan jaki yau yana kan babur. Kowa ya tafi Makka, kowa ya dawo da haƙorin zinariya da rikoda. Cikinsu har da Alhaji Ɗanjumma, dillalin fata, wanda shi ke sayen duk abin da ubana ya jeme tun kafin a haife ni. Uban gidanmu ne. Ni ke ɗaukar fata a ka in kai masa rumfarsa. Da can in na sauke na durƙusa, sai ya ce in gaida Baba, in tashi in tafi. Ran nan na tarar da rumfar cike da manya, abokansa dillalai da wani mai motocin haya. Ya yafuto ni.

“Bawa, matso ka zamna. Yau hira za mu yi. Hwaɗa muna, da mi ubanka ka jima?”

Ya san amsar. Ya fi shekara talatin yana cinikin fata. Ya kuma san kalmar da ta fi kama ni, wato bagaruwa. Na fara, ta tsaya a harafin farko, na yi ta bugunta ta ƙi wucewa. Suka fashe da dariya. Ya sa ni in faɗi sunan kakana, in faɗi sunan unguwarmu, in yi masa kirari. Duk sanda na yunƙura zan tashi sai ya ce bai sallame ni ba. Yaro ba ya tashi a gaban uban gidan ubansa sai an sallame shi. Wani cikinsu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi aka ba shi ruwa. Ban ga rikodar ba, tana ƙarƙashin buzun da ke gefensa. Sai da ya gaji ya ɗaga buzun, ya mayar da zaren baya, ya danna. Ban taɓa jin muryata daga waje ba sai ran nan. Na ji wani abu yana kuka kamar akuyar da aka danne, na kuma gane ni ne.

Da abin ya tsaya a rumfar, da na haɗiye. Amma Alhaji ya ba masu kaset na kasuwa aro. Ku 'yan zamanin waya ba ku san yadda ake yi ba. Mai kaset yakan haɗa rikoda biyu, ya kwafi waƙa daga wannan zuwa waccan. Sau da yawa waƙa kan ƙare zare ya rage, sai ya nemi abin da zai cike gurbin don kada mai saye ya ce an cuce shi. Ciko ake ce masa. Ni na zama ciko. Ka sayi waƙar noma, ƙarshenta ni. Ka sayi waƙar 'yan dambe, ƙarshenta ni. Ba wanda ya neme ni, kowa ya same ni. Direbobi suka kai ni Gusau, suka kai ni Illela, suka ƙetara da ni iyaka. Kafin wata biyu ba teburin mai shayi ko shagon tela da ban shiga ba ina zaune a gida. Yaran unguwa ba su dame ni ba, yara ne. Manya suka dame ni. Mutum da furfurarsa, da tasbaha a hannu, ya tare ni a hanya ya ce, kai, da mi ubanka ka jima? Ya tsaya yana jira, bakinsa a buɗe tun kafin in fara.

Na daina kai fata. Na daina zuwa masallacin Juma'a. Daga baya na daina magana ɗungurungum. Ba shawara na yanke ba, bakin ne ya rufe da kansa. Tun dawowar alhazai har ruwan farko ban ce uffan ba, ko ga uwata. Ina wuni a bayan ramukan jima, inda wari ke kore mini mutane. Akwai ranar da na tafi bakin gulbi, wajen da ruwa ke da zurfi, na daɗe a tsaye ina dubansa. Ba zan ƙara kome a kan wannan ba. Wani masunci ya gan ni, ya san ni, ya tafi tasha ya gaya wa Goggo.

Ita ta daɗe tana jin kaset ɗin, don a tasha aka fi sa shi. Ta yi faɗa da direbobi har ta gaji. Ta yi wa ubana magana, ya ce a yi haƙuri. Ranar da masuncin ya same ta, ta sauke tanda da sauran ƙullu a roba, ta dawo gida da hantsi. Ta sami ubana yana kankare fata. Ina bayan katanga ina jin su. Ta ce za ta kai ƙara gidan alƙali.

“Ige, ki yi hankali,” in ji ubana. “Mutumen ga shi ka riƙe da gidan ga. In ya juya muna baya, wa za mu kai ma hwata?”

“Hwata ka saida mai, na sani. Ɗan ga hwa? Shi ma saida mai shi kay yi?”

“Wasa na. Duniya za ta manta.”

“Shi ya manta? Kira shi. Kira sunanai shi amsa maka in ji.”

Ubana bai kira ba. Ya sunkuya ya ci gaba da kankara. Kada ku ɗauke shi mugu. Baki goma sha ɗaya ke cin tuwo a gidan, kuma ƙofa ɗaya ce abincin ke shigowa. Ya auna ni da su, ya ga sun fi ni nauyi. Ni ma da aka tambaye ni a lokacin, da haka zan auna.

Akwai wani maƙwabcinmu, Malam Ishaya, malamin firamare, Kirista ne daga kudancin Zariya, yana haya a bayan gidanmu. Kullum da safe wainar Goggo yake karyawa da ita, Mama yake ce mata. Da yamma ya shigo zaure ya same ta, ina gefe a zaune.

“Mama, na ji abin da ake ciki. Ƙanena kofur ne a bariki. In na gaya masa yau, gobe za su jefa Alhajin nan a mota, su sa shi tsallen kwaɗo a tsakiyar kasuwa, su bi shi da bulala. Ba ruwanki da alƙali.”

A wancan zamani ana yin haka, ba kuwa mai tambaya. Raina ya so, ba zan ɓoye ba. Na ɗaga kai na dubi Goggo.

“Allah shi yi ma albarka, Malam. Amma bulala kwana bakwai ta warke, kuma gari shi ce shi anka zalunta. Ni so nike a rubuta. Kai ka iya biro, rubuta min ƙara.”

Ya koma ɗaki ya ɗauko takarda. Tana faɗa yana rubutawa, ya karanta mata, ta ce ya cire wata kalma don ta yi laushi da yawa. Ta dangwala babban yatsa.

Da sammaci ya isa hannun Alhaji, sai ya yi abin da manya ke yi. Ya tashi sarkin majema da dattawa biyu, suka zo gidanmu da ƙwaryar goro da turmin shadda, wai na yaro. Suka zaɓi lokacin da Goggo ke tasha. Ubana ya karɓa, aka shafa fatiha, aka raba goron gida gida cikin unguwa. Kun san al'adarmu. In aka karɓi goron sulhu, aka raba, aka ci, magana ta mutu. Wanda ya sake tayar da ita ba abokin faɗansa kaɗai ya raina ba, ya raina duk bakin da ya tauna goron. Da azahar Goggo ta dawo ta tarar da nata kason a kan faifai a ƙofar ɗakinta. Dangi na cewa ta cika unguwa da ihu. Ƙarya ne. Ran nan ko ɗaga murya ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙwarya, ta yafa mayafi, ta fara daga gidan da ke jikin namu. Ta yi sallama, ta gaisa, ta ce a ba ta goron da aka kawo da safe. Wasu suka bayar suna kunya, wasu suna zagi. Inda aka riga aka cinye ta riƙe a ranta, ta tafi kasuwa ta sayo madadinsa da cinikin wainarta. Ta iske wani tsoho, Malam Buba ladan, a ƙofar masallaci, rabin nasa na cikin baki.

“Haba Ige, na riga na ɓara.”

“Ba ni ɓarin da yar rage, Malam. Wanda ac cikin baki na yahe maka.”

Ya ba ta. Kafin la'asar ƙwarya ta cika. Ta ɗora shaddar a kai, ta aza a ka, ta ratsa kasuwa a ƙafa kowa na kallo. Ta sauke a gaban Alhaji, abokansa na zaune.

“Alhaji, ga goronka. Wanda anka yi ma laihi bai ci ba.”

Daga ran nan ubana ya daina yi mata magana.

Ranar shari'a mu uku muka tafi, ni da Goggo da Malam Ishaya, wanda ya nemi izini a makaranta ya ɗauko rikodarsa da sabon batir. Goggo ta sayi kaset uku daga shaguna uku daban, ta ƙulle a gefen zane. Kotu ta cika har tagogi. Yawancinsu kallo suka zo, sun ji za a sa kaset ɗin a gaban alƙali. Alhaji ya zo da babbar riga da abokansa na rumfa, su biyar, don su yi masa shaida. Alƙalin tsoho ne siriri, ba ya ɗaga murya. Aka karanta ƙara, ya dubi Goggo.

“Baiwar Allah, bai buge shi ba, bai zage shi ba, bai ɗauki kayanai ba. Mi kike ƙara?”

“Allah shi gahwarta Malam, a kunna ka ji da kunnenka.”

Ya ce a kunna. Ya kuma ce duk wanda ya yi dariya a ɗakin nan zai kwana a tsare. Malam Ishaya ya danna. Na sunkuyar da kai, na so ƙasa ta tsage. Amma ba a yi nisa ba alƙali ya ɗaga hannu aka tsayar. Ashe shi ba ni yake saurare ba. Kowa a garin nan ya ji kaset ɗin, kowa ni ya ji. Shi mutanen da ke bayana ya ji.

“Wagga dariya ta wa ta?”

Ya ce a mayar baya a sake. Aka sake. Ya dubi shaidun Alhaji ɗaya bayan ɗaya, har ɗayansu ya ce tasa ce. Ya ce ya miƙe tsaye. Ya tambaye shi shekarunsa, ya tambaye shi 'ya'yansa nawa, ya ce muhuti, wato magatakardan kotu, ya rubuta. Aka ci gaba. Duk inda wata dariya ta tashi sai a tsayar, a nemo mai ita. Da aka zo kan mai tari, shi da kansa ya miƙe tun ba a tambaya ba. Kafin zaren ya ƙare mutum biyar na tsaye a gaban kotu, kowanne da furfura, sun zo shaida sun koma abin kallo. Ba wanda ya yi dariya a ɗakin, kuma ba tsoron tsarewa ba ne kaɗai.

Alƙali ya juya ga Alhaji ya ce me zai ce. Alhaji ya gyara riga.

“Allah shi gahwarta Malam, wasa na. Yaron ga kamar jikana shike. Wasan kaka da jika na, kowa ya san shi.”

“Na san shi, ni ma ina da jikoki. Wasan kaka da jika, jika na ramawa. Sau ukku nij ji yaron ga na neman tashi kana hana shi. A ina yar rama?”

Alhaji ɗan kasuwa ne, bai saba faɗuwa a ciniki ba. Ya sake hanya.

“To, yaron bai yi ƙara ba. Matag ga ta ad da hushi da ni. Ubanai ya amshi sulhu. Ba sunan kowa cikin kaset ɗin ga. Wa ma yac ce muryatai ta? Ga shi nan, a tambaye shi.”

Ya san wata biyar ban yi magana ba. Gari duk ya sani. Alƙali ya shafa gemu, ya ce wannan magana tana da ƙafa. Sannan ya dube ni.

“Yaro, ba ni iya hukunci kan abin da mai shi bai ce nashi na ba. Ka ji abin da anka kunna. Mi kac ce?”

Na miƙe. Na san abin da zai fito daga bakina shi ne daidai abin da suka gama ji a rikoda, a gaban mutanen da suka zo don su ji shi. In na yi shiru, Alhaji ya fita, Goggo ta zama mahaukaciyar da ta bi gidaje tana karɓar goro a banza. Na dube ta. Ba ta dube ni ba, tana gyara bakin mayafinta. Na buɗe baki. Harafin farko ya fito, ya tsaya. Na buga, na sake bugawa. Wuyana ya miƙe, ƙafata ta fara dukan siminti. Muhuti ya ji tausayina, ya ɗago daga rubutu ya ce, muryarka ce kake son cewa, ko?

“Bar shi!”

Goggo ce. A cikin kotu, ba a ba ta izini ba, da muryar nan tata da ake ji daga ƙarshen tasha. Ɗan sandan kotu ya yunƙura. Alƙali ya ɗaga masa hannu, ya daɗe yana dubanta.

“Ta yi gaskiya,” in ji shi. “Kotu ba ta sauri. Kowa shi jira.”

Aka jira. Ban san tsawon lokacin ba. Ina jin tantabaru a kan kwano, ina jin gumi na bin bayana. Ɗaki cike da manya, ba mai motsi, ba mai taimako, kowa na jiran ɗan majemi ya fitar da kalma. Ba a taɓa yi mini haka ba in ba a gaban tanda ba. Can kalmar ta fito.

“Muryata ta.”

Muhuti ya rubuta. Alƙali ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ban zauna ba, ya fasa. Akwai saura, kuma saurar ta fi ta farko wuya, don da harafin nan ta fara, wanda aka yi wata biyar ana kwaikwayona da shi. Na shiga cikinsa, na daɗe, na fita.

“Ban ba shi ba.”

Alƙali ya ce a rubuta wannan ma. Ya sami Alhaji da laifin cin mutunci, ya ci shi tara. Ya ce kuma Alhaji da ƙafarsa, tare da masinjan kotu, zai bi masu kaset shago shago a goge cikon a gabansa, a kuma gaya musu duk wanda ya sake kwafa zai sami nasa sammacin. Mutum biyar ɗin ya ce sunayensu na cikin littafi, su tafi su ji kunya. Sannan ya ce wa Goggo in ta sake yi masa tsawa a kotu ita ma za ta shiga littafin. Ta ce Allah ya ba shi haƙuri.

Yanzu ga rabin da dangi suka riƙe, kuma ba zan rage shi ba. Alhaji ya biya tara, ya zaga kasuwa da masinja, kwana uku yana yi. Bai ƙara sayen fatar ubana ba. Sauran dillalai suka tsaya masa, don biyar daga cikinsu ne aka tsayar. Fata ta taru a ɗaki har ƙwaro ya shige ta. Shekara ba ta zagayo sau biyu ba ubana ya rufe ramukan da ya gada. Lokacin ana ta gine-gine a wajen gari, inda yanzu ya zama tsakiyar Mabera. Can ya koma ɗaukar bulo, yana da shekara fiye da hamsin, ni ina bayansa da kwanon siminti. Ƙannena biyu aka tura su ƙauye wurin dangin uwata, ɗaya bai dawo ba sai da ya yi gemu. Ubana ya mutu lebura, ba majemi ba. Shekara uku suna gida ɗaya da yayarsa ba ko gaisuwa, tana aika masa waina yana ci, ba ya cewa an gode. Kaset ɗin ma bai ƙare ba duka. Na girma, na zama magini, na yi aure, na shiga wata motar Gusau na ji kaina a ƙarshen waƙa. I'inar kuwa ga ta nan har yau. Goggo ba ta taɓa musun ko ɗaya cikin wannan ba. Wata rana matar kawuna ta goranta mata a wurin suna, a gaban mata, ta ce ta ji daɗi ta kashe gida.

“Da hankalina niy yi,” in ji Goggo. “Ramin jima ana gina wani. Ɗa hwa?”

Wannan shi ne abin da aka biya. Abin da aka samu kuwa na gan shi tun washegarin shari'a. Da aka fito sallar asuba Goggo ta buga mini ƙofa, ta aza mini tanda a ka, muka nufi tasha. Ba ta ce na yi ƙoƙari jiya ba, ba ta taɓa cewa ba har ta mutu. Ta hura wuta, ta zuba mai, ta zuba ƙullu. Motoci sun fara lodi, 'yan kamasho na kiran garuruwa.

“Yau kai ka kiran ciniki,” in ji ta. “Muryata ta dushe.”

Muryarta lafiya lau take. Na tsaya a gefen tanda, a tashar da aka fi sa ni a rikoda, na ja numfashi zan ce waina da zafi. Na maƙale tun a farko. Wani ƙaton direba da ke wanke fuska a gindin motarsa ya juyo, ya gane ni, ya washe baki ya fara kwaikwayon nan. Bai kai ko'ina ba wani ɗan kamasho ya daki hannunsa.

“Kai, ruhe bakinka. Jiya anka rubuta Alhaji Ɗanjumma a kotu kan wanga abu. Kai ka hi shi?”

Direban ya haɗiye sauran. Ni kuwa na ci gaba daga inda na tsaya, har na kai ƙarshen kirana. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yaba. Can sai ga direban ya tako, yana goge hannu a riga, ya ce in zuba masa. Dole in tambaye shi da miya ko da yaji. Na tambaya. Ya tsaya da kwanonsa a hannu, yana duban ƙasa, har na gama, sannan ya ce da miya.

Goggo ba ta ɗago daga tanda ba.

“Ƙara ɗaga murya,” in ji ta. “Na bayan tasha ba su ji ba.”

Na ɗaga.